Herbert Chapman, da Shekarar da Lissafi Ya Raba Gardama

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin fili da la'asar yana kallon ƙwallo ya san waɗanda jama'a su kan yi wa tafi, watau wanda ya zura ƙwallo a raga, da mai tsaron gida in ya yi tsalle ya cafke ta. Da wuya ka ji an ambaci mutumin da ke zaune can gefe, wanda ya zaɓi 'yan wasan, ya kuma gaya wa kowa inda zai tsaya da abin da zai yi. To, labarin irin wannan mutum ne za mu ba ku a wannan fitowa. Sunansa Herbert Chapman, mutumin Ingila ne, ya rasu tun cikin 1934. Shi kansa bai shahara wajen buga ƙwallo ba, amma shi ne ya nuna wa mutanen ƙasarsu ƙwallo ma abin koyarwa ce, ana shirya ta tun kafin a shiga fili. Za mu fi tsayawa a kan shekara guda ta rayuwarsa, kakar wasa ta 1923 zuwa 1924, gama a cikinta ne aka ga amfanin aikinsa a fili.

Asalinsa

An haifi Herbert Chapman ran 19 ga Janairu, 1878, a wani ƙauye da a ke kira Kiveton Park, kusa da birnin Sheffield, cikin lardin Yorkshire a arewacin Ingila. Ƙauyen na mahaƙa kwal ne, ubansa ma sana'arsa ke nan, su goma sha ɗaya ne kuwa wurin iyayensu. A wancan zamani ɗan mahaƙi ya kan bi ubansa cikin rami tun yana yaro. Amma Herbert yana da kai, saboda haka ya sami shiga makarantar koyon sana'a ta Sheffield, ya karanta aikin injiniya na haƙar ma'adinai.

Gidansu gidan ƙwallo ne. Ƙanensa Harry ya zama gwani a kulob ɗin Sheffield Wednesday, har suka ci gasar ƙasa sau biyu da shi, cikin 1903 da 1904. Herbert kuwa gajere ne kakkaura, cikin 'yan gaba ya ke wasa, amma bai kama ƙafar ƙanensa ba. Ya yi ta yawo daga wannan kulob zuwa wancan, yawanci inda neman abinci ya kai shi. Ya yi wasa a Grimsby, da Swindon, da Northampton, da Sheffield United, da Notts County, daga ƙarshe ya je Tottenham a Landan cikin 1905. Sau da yawa cikin 'yan jiran gurbi a ke barinsa, in an haɗa wasannin da ya yi a babbar gasar ƙasa duka ba su kai 40 ba. Cikin 1905 ɗin nan ne ya auri wata malamar makaranta, Annie Poxon, suka haifi 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda a ke tafiyar da kulob a lokacin. Wani kwamiti ne na attajiran gari ya kan zauna ya zaɓi waɗanda za su yi wasa ran Asabar. Akwai magatakarda, aikinsa rubuta wasiƙu, da yankan tikitin jirgin ƙasa, da biyan albashi. Batun dabarar wasa kuwa ba wanda ya kula. A kan jera mutum biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba, kowa ya yi abin da ya ga dama. Chapman ya daɗe yana kallon wannan daga gefen fili, yana kuwa lura da inda a ke ɓarna.

Ya fara riƙon kulob

Cikin 1907 kulob ɗin Northampton Town yana neman manaja. Gasar Kudu su ke yi, wadda ba ta kai babbar gasar ƙasa daraja ba, duk da haka shekara biyu a jere su ne kashin baya. Suka nemi wani ɗan wasan Tottenham mai suna Walter Bull, ya yarda, daga baya kuma ya sake shawara, ya nuna musu abokinsa Chapman. Da haka Chapman ya sami aikin, yana da shekara 29.

Bai daɗe ba ya lura da wani abu. Wata rana mutanensa suka tsare abokan karawarsu a gida tun daga farkon wasa har ƙarshe, suna ta kai hari, amma da aka tashi su aka ci. Ya zauna ya yi tunani, ya gane in ka matsa wa mutane lamba ƙwarai duk sai su taru a bakin ragarsu, ka rasa ta inda za ka bi. Sai ya sa 'yan tsakiyarsa su riƙa ja da baya kaɗan, don abokan karawa su fito su bar fili a bayansu, sa'an nan a aika da ƙwallo da sauri. Ya kuma hana 'yan baya dukan ƙwallo sama ba gaira ba dalili, ya ce su riƙa miƙa ta a ƙasa ga ɗan'uwa. Shekarar farko suka zo na takwas. Ta biyu, watau 1908 zuwa 1909, su suka ci Gasar Kudu.

A nan Northampton ne kuma, cikin 1911, ya ɗauko Walter Tull daga Tottenham. Tull maraya ne, ubansa baƙar fata ne mutumin tsibirin Barbados. Cikin 1909 'yan kallo sun yi masa zagin launin fata a Bristol, bayan wannan kuwa Tottenham ba su cika sa shi cikin manyan wasanni ba. Chapman ya ga gwaninta ya saya. Tull ya yi wa Northampton wasa fiye da 100, daga baya ya zama hafsa a sojan Ingila, aka kashe shi a bakin dāga a Faransa cikin 1918.

Masifar Leeds

Cikin 1912 Chapman ya koma lardinsu, ya karɓi kulob ɗin Leeds City, wanda ke rukuni na biyu na babbar gasa. Cikin 1914 ya kai su na huɗu, saura kaɗan su hau rukuni na ɗaya, sai ga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga 1915 aka dakatar da gasa. Cikin 1916 ya bar kulob a hannun waɗansu, ya tafi ya zama manaja a ma'aikatar harsashin igwa ta Barnbow, kusa da Leeds. Ya dawo cikin 1918, amma kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin, ya kama wani a wata ma'aikatar mai a garin Selby.

Ashe da sauran rina a kaba. Cikin 1919 aka kai ƙarar Leeds City, wai sun biya 'yan wasa kuɗin da doka ta hana a lokacin yaƙi. Hukuma ta ce su kawo littattafan kuɗinsu a duba, suka ƙi. Cikin watan Oktoba aka kore su daga gasa, kulob ya rushe, aka tara 'yan wasansu a wani otal a Leeds aka yi gwanjonsu ga sauran kulob. Aka kuma hana waɗansu shugabannin kulob ɗin sa hannu cikin sha'anin ƙwallo har iyakar ransu, da Chapman a cikinsu. Bayan shekara guda kuma, wajen ƙarshen 1920, aikinsa na Selby ya ƙare. Ga mutum ya ba shekara arba'in baya, ga iyali, ba aiki, an kuma rufe masa ƙofar sana'ar da ya fi sani.

Huddersfield

Mutanen Huddersfield ne suka fid da shi. Huddersfield garin masaƙu ne, inda a ke saƙa ulu, ba shi da nisa da Leeds. Mutanen garin sun fi son wasan zari-ruga, kulob ɗinsu na ƙwallon ƙafa kuwa yaro ne, cikin 1908 aka kafa shi. Cikin 1919 bashi ya yi masa katutu har aka yi shirin ɗauke shi a kai Leeds, sai da talakawan gari suka tashi suka tara kuɗi kafin ya tsira. Shugabannin wannan kulob suka taimaki Chapman ya ɗaukaka ƙara, ya kawo hujja yana Barnbow sa'ad da aka yi laifin da a ke tuhuma. Hukuma ta karɓa, ta ɗage hanin. Cikin Fabrairu, 1921, ya kama aikin mataimakin manaja, kafin Maris ya ƙare kuwa an ba shi kulob ɗin.

Abu na farko da ya nema shi ne a sakar masa duk abin da ya shafi wasa, kwamiti ya tsaya ga sha'anin kuɗi. Da ya samu, sai ya sa ƙananan rukunonin kulob su riƙa wasa iri ɗaya da na manya, don in wani ya ji ciwo wanda zai maye gurbinsa ya riga ya san aikin. Ya sa mutane a garuruwa suna duba masa yara masu alamar gwaninta, ya kan kuma binciki halin yaro kafin ya saye shi. Ya sayo Clem Stephenson daga Aston Villa a kan fam 4,000. Stephenson ya haura shekara talatin, ba shi da gudu, amma idonsa na ganin inda ƙwallo za ta bi tun ba ta iso ba, shi ya zama kyaftin. Ya kuma ɗauko wani saurayi George Brown daga yankin mahaƙa kwal, da Sam Wadsworth ɗan baya, da Ted Taylor mai tsaron gida, da Charlie Wilson ɗan gaba daga Tottenham. Ya tarad da waɗansu gwanaye a gidan, kamar su Tom Wilson da Billy Smith, ya haɗa su da baƙin.

Cikin 1922 suka ci Kofin Ƙalubale na Ingila, wanda a ke yi sili-ɗaya-ƙwale. A wasan ƙarshe suka ci Preston North End 1 da 0, Billy Smith ne ya ci da fenariti. Cikin 1923 suka zo na uku a gasar ƙasa.

Kakar 1923 zuwa 1924

Ga yadda gasar ta ke a lokacin. Kulob 22 ne a rukuni na ɗaya. Kowanne zai kara da sauran 21 sau biyu, sau ɗaya a gidansa sau ɗaya a nasu, wasa 42 ke nan, daga ƙarshen Agusta har farkon Mayu, cikin ruwa da sanyi da taɓo. Wanda ya ci wasa yana da maki 2, in an yi kunnen doki kowa ya sami 1, wanda aka ci ba shi da kome. Wanda ya fi maki ran ƙarshe shi ne zakara.

A wannan shekara kulob ɗin da ya fi tashe shi ne Cardiff City. Cardiff a ƙasar Wales ta ke, amma cikin gasar Ingila su ke wasa. Sun yi wasa goma sha ɗaya na farko ba a ci su ba, su ne kuwa a kan gaba yawancin shekarar. Suna da wani ɗan gaba Len Davies, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a cikinsu. Huddersfield kuwa suna biye sannu a hankali. Ba su cika cin ƙwallaye da yawa ba, amma shiga ragarsu sai an yi da gaske. Taylor na tsaron gida, Wadsworth na gabansa, Tom Wilson na tsakiya, in sun ƙwace ƙwallo sai su miƙa wa Stephenson, shi kuwa ya aika da ita gefe wurin Billy Smith, kafin abokan karawa su juyo an kai bakin ragarsu.

Da aka shiga watan Maris sai Cardiff suka fara tuntuɓe. Cikin Afrilu suka zo filin Leeds Road, gidan Huddersfield, aka ci su 2 da 0. Duk da haka suka farfaɗo, har ya zama ran da za a yi wasan ƙarshe Cardiff na da maki 56, Huddersfield na da 55.

Ranar ita ce Asabar, 3 ga Mayu, 1924. Cardiff suka tafi Birmingham, Huddersfield kuwa suka karɓi Nottingham Forest a gida. Abin da Cardiff ke bukata a fili ya ke: in sun ci, ko da ƙwallo ɗaya ne, su ne zakaru, ko me Huddersfield suka yi. Huddersfield kuwa dole ne su ci nasu wasan, sa'an nan su yi fata Cardiff su kasa. Tsakanin garuruwan biyu kimanin mil ɗari ne, a lokacin kuwa ba a fara ba da labarin wasa ta rediyo ba, sai cikin 1927. Saboda haka kowa yana wasa bai san abin da ke faruwa can ba, sai abin da waya ta kawo.

A Birmingham aka yi ta fama ba ci. Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci, Cardiff suka kai wani hari, ƙwallo ta nufi raga, sai wani ɗan Birmingham ya tare ta da hannu. Alƙalin wasa ya hura, ya ba da fenariti. Len Davies ya fito ya ajiye ƙwallo, daga shi sai mai tsaron gida, aikin wata tara duka ya taru a ƙafarsa. Ya buga, mai tsaron gidan Birmingham, Dan Tremelling, ya tare. Har aka tashi ba wanda ya ci wani. Cardiff suka sami maki 1, suka cika 57.

A Leeds Road kuwa Huddersfield suka ci Nottingham Forest 3 da 0, suka sami maki 2, su ma suka cika 57. Huddersfield sun ci wasa 23, kunnen doki 11, an ci su sau 8. Cardiff sun ci 22, kunnen doki 13, an ci su sau 7. Tun da aka fara gasar cikin 1888 ba a taɓa kai ga sai an yi lissafin ƙwallaye kafin a san zakara ba sai a wannan rana.

Ga lissafin

Dokar lokacin ta ce in maki ya zo ɗaya, sai a ɗauki yawan ƙwallayen da kulob ya ci a shekara, a raba da yawan waɗanda aka zura masa. Wanda amsarsa ta fi girma shi ya ci. Mai karatu ya ɗauki fensir mu yi tare.

Huddersfield sun ci 60, an zura musu 33. In ka raba 60 da 33 za ka sami 1.818.

Cardiff sun ci 61, an zura musu 34. In ka raba 61 da 34 za ka sami 1.794.

Bambancin 0.024 ne kurum, da shi Huddersfield suka zama zakarun Ingila karo na farko.

To, a duba yadda abin ya matse. Da 2 da 0 suka ci Forest, da ƙwallayensu 59 ne, 59 a raba da 33 kuwa 1.788 ne, bai kai na Cardiff ba. Da kuma Forest sun rama ko da guda ɗaya, aka tashi 3 da 1, sai a raba 60 da 34, a sami 1.765, nan ma kofi ya tafi Wales. Ba ma ranar ƙarshe kaɗai ba. Da a ce cikin wasannin nan 42 akwai wata rana, ko da ran da suka ci wasa da rata ne, da wani ɗan baya ya yi sakaci ya bar ƙwallo guda ta shiga don yana ganin an riga an ci wasa, da wannan ƙwallo ta raba su da kofi. Irin wannan lissafi na rabawa ya fi jin ƙwallon da aka zura maka bisa ga wadda ka ci, tun da adadin ƙasa ya fi ƙanƙanta. Ashe tsaron gidan da Chapman ya yi shekara uku yana koya musu, wanda 'yan kallo ba su cika yi wa tafi ba, shi ya biya su.

Amma don a yi wa Cardiff adalci, sai mu faɗi wani abu. Cikin 1976 aka bar dokar rabawa aka koma ta ɗebewa. A ɗebe 33 daga 60, saura 27. A ɗebe 34 daga 61, shi ma saura 27. In haka ta faru sai a ba wanda ya fi yawan ci, Cardiff kuwa sun fi da ƙwallo ɗaya. Ke nan da da wannan doka aka yi hukunci, su ne zakaru. Har yanzu kuwa Cardiff ba su taɓa cin gasar ba.

Shekarar da ta biyo ba a bukaci fensir ba. Huddersfield suka sake ci da maki 58, West Bromwich Albion na biye da 56. Ƙwallo 28 kaɗai aka zura musu cikin wasa 42, ba kuwa wasan da aka zura musu fiye da biyu.

Ya koma Landan

Cikin 1925 kulob ɗin Arsenal na Landan ya yi cigiyar manaja a jarida. Arsenal a lokacin ba su taɓa cin wani babban kofi ba, da ƙyar ma suka tsira daga faɗawa rukuni na biyu a shekarar. Suka yi wa Chapman tayin fam 2,000 a shekara, ninkin abin da ya ke samu, ga kuma yawan jama'ar Landan. Ya karɓa, ya kuma gaya musu tun da wuri sai an ba shi shekara biyar kafin a ga kofi.

Ya fara da sayen Charlie Buchan daga Sunderland. Cinikin abin dariya ne: fam 2,000 a hannu, da fam 100 a kan kowace ƙwallo da ya ci a shekarar farko. Buchan ya ci 21, Arsenal suka biya fam 4,100 ke nan, alhali kuwa 4,000 Sunderland suka nema tun farko.

A shekarar nan aka sake dokar satar gida. Dā sai da mutum uku na abokan karawa tsakanin ɗan gaba da layin raga sa'ad da aka miƙo masa ƙwallo, aka mai da su biyu. Nan da nan ƙwallaye suka yawaita. Ran 3 ga Oktoba, 1925, Newcastle suka ci Arsenal 7 da 0. Buchan ya ba da shawara a ja ɗan tsakiya na tsakiya ya koma baya, 'yan baya su zama uku. Chapman ya karɓi shawarar ɗan wasansa, bayan kwana biyu suka ci West Ham 4 da 0. Waɗansu kulob ma sun gwada wannan dabara, amma shi ne ya gyara ta sosai, ya sa biyu daga cikin 'yan gaba biyar su ma su ja baya su zama masu raba ƙwallo. In ka dubi tsayuwarsu daga sama sai ka ga kamar harafin W da na M, da wannan suna kuwa aka san tsarin. An yi shekaru wajen talatin yawancin kulob na Ingila suna bin sa.

Ya kuma kafa wata al'ada. Kowane mako ya kan tara 'yan wasa a ɗaki, gaban wani tebur da aka zana fili a kansa, da 'yan gumaka a maimakon mutane. A bi wasan da ya wuce a ga inda aka yi kuskure, a shirya na gaba, kowa kuwa yana da izinin ya faɗi ra'ayinsa, babba da yaro.

Cikin 1927 Arsenal suka kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a filin Wembley. Da wa za su kara? Da Cardiff City, Len Davies kuwa yana cikinsu. Wannan karo sa'a ta juya. Ƙwallo ta suɓuce wa mai tsaron gidan Arsenal ta gangara raga, Cardiff suka ci 1 da 0. Sau ɗayan nan ke nan da kofin ya taɓa fita daga Ingila.

Chapman bai karaya ba, ya ci gaba da tara mutane, su David Jack, wanda ya saya fiye da fam 10,000, da Alex James, da Cliff Bastin, da Eddie Hapgood. Cikin Afrilu, 1930, shekara biyar ɗin da ya ɗiba na gab da cika, Arsenal suka ci kofin. Waɗanda suka kayar 2 da 0 kuwa Huddersfield ne, manajansu a ranar shi ne Clem Stephenson, tsohon kyaftin ɗinsa. Cikin 1931 suka ci gasar ƙasa da maki 66 da ƙwallo 127, su ne kulob na farko daga kudancin Ingila da ya yi haka. Suka sake ci cikin 1933, ko da ya ke a Janairun shekarar wani ƙaramin kulob na rukuni na uku, Walsall, ya fid da su daga Kofin Ƙalubale da ci 2 da 0, abin da ya ba dukan ƙasar mamaki.

Hankalinsa bai tsaya ga fili kaɗai ba. Cikin 1928 ya gwada sa wa 'yan wasa lamba a bayan riga, hukuma ta hana, sai cikin 1939 ta yarda. Ya sa fitilun lantarki a filin Highbury, amma ba a yarda a yi wasan gasa da dare ba sai bayan 1950. Cikin 1932 ya sa aka sake wa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke kusa da filinsu suna, daga Gillespie Road ta koma Arsenal. Cikin 1933 ya ƙara wa jar rigarsu fararen hannuwa, don ɗan wasa ya gane ɗan'uwansa da wutsiyar ido.

Rasuwarsa

A farkon Janairu, 1934, ya tafi arewa cikin tsananin sanyi don ya kalli wasan waɗanda za su kara da su. Ya dawo da mura. Maimakon ya kwanta, sai ya sake fita kallon ƙaramin rukunin Arsenal na uku, watau yaran da ya ke reno. Murar ta zama ciwon huhu. Da asubar Asabar, 6 ga Janairu, ya rasu a gidansa a Hendon, cikin Landan, yana da shekara 55. Da la'asar ɗin ranar Arsenal suna da wasa da Sheffield Wednesday, tsohon kulob ɗin ƙanensa, aka yi shi cikin baƙin ciki, aka tashi 1 da 1. Aka binne shi a Hendon. Daga baya aka ƙera surarsa da tagulla aka ajiye a zauren Highbury, cikin 2011 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a bakin sabon filin Arsenal.

Abin da ya fi nuna ƙarfin aikinsa shi ne abin da ya faru bayan ba ya nan. Da ya bar Huddersfield cikin 1925, mutanen da ya horar suka sake cin gasa cikin 1926, suka zama kulob na farko da ya ci sau uku a jere, Arsenal ɗinsa ma na biyu suka zo musu a shekarar. Da ya rasu, Arsenal suka ci ta 1934, suka ƙara da ta 1935, suka zama na biyu da suka yi haka. Ba a sake samun wani ba sai Liverpool cikin 1984. Sau biyu ke nan ya gina kulob, ya koya musu aiki har ya zauna musu, suka kai ga ci na uku ba shi a wurin. Mutanen Huddersfield kuwa, tun daga 1926 ba su sake zama zakarun Ingila ba, har yanzu taurari uku da ke tuna musu shekarun nan suna cikin alamar kulob ɗinsu.